Babi na Bakwai: Garin da Ake Ginawa da Kalmomi

Tun kafin intanet ta cika da hotuna da bidiyo, masana kwamfuta sun ƙaga wani irin wurin haɗuwa wanda ba a ganin komai a cikinsa sai rubutu, amma duk da haka waɗanda suka saba shigarsa sukan yi zancensa kamar yadda ake zancen gari mai unguwanni da lunguna da ƙofofi. Mai shiga yakan haɗa kwamfutarsa da wata kwamfuta ta nesa da ake kira saba, wato na'urar da ke ajiye wurin gaba ɗaya tana kuma karɓar duk masu zuwa, sai sakin layi guda ya fito yana faɗa masa inda yake tsaye: zaure ne, a misali, mai ƙofa ta gabas da wata ta kudu, an shimfiɗa tabarma, ga fitila a rataye, ga kuma sunayen mutum biyu da suka riga shi zuwa. Idan ya rubuta umarnin tafiya gabas, sai bayanin zauren ya wuce, na tsakar gida ya maye gurbinsa. Idan kuwa magana ya rubuta, duk wanda ke ɗaki ɗaya da shi zai karanta ta nan take, ko da ɗayansu yana Japan ne ɗayan kuma yana Brazil. Irin wannan wuri shi ake kira duniyar rubutu a wannan babi, kuma abu biyu ne suka raba shi da hirar rubutu ta yau da kullum: yana da fasalin wuri, ta yadda mutanen da ke ɗaki daban ba sa jin juna, sannan abin da aka gina a cikinsa yana nan daram ko bayan maginin ya kashe na'urarsa.

Malaman harshe a Amurka da Turai sun yi kusan shekara goma suna aiki da irin waɗannan duniyoyi, tun daga tsakiyar shekarun 1990, kafin zamani ya juya musu baya. Dalilin tono wannan tarihi shi ne, yanayin da waɗancan malamai suka yi aiki a ciki, wato layin sadarwa mai rauni da na'ura marar ƙarfi da ɗalibai a warwatse, ya fi kusa da halin da Birnin Gwari ke ciki a yau fiye da yanayin da ake ƙera manhajojin koyon harshe na zamani dominsa.

Daga kogon dutse zuwa aji

Tushen abin wasa ne. A tsakanin 1975 da 1976 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Will Crowther, wanda ya daɗe yana kutsawa cikin kogon Mammoth na jihar Kentucky don zana taswirarsa, ya rubuta wasan da ya shahara da sunan Adventure, inda ya mayar da wani sashe na kogon zuwa jerin bayanai da mai wasa ke yawo a tsakaninsu ta hanyar rubuta kalma ɗaya ko biyu. Mutum ɗaya kaɗai wasan ke ɗauka. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex da ke Ingila, ya fara rubuta wani wanda mutane da yawa za su iya shiga lokaci guda, daga baya Richard Bartle ya karɓe shi ya faɗaɗa, kuma sunan da suka ba shi, MUD, shi ya zama sunan dangin baki ɗaya. Shekara goma aka shafe ana farautar dodanni da tara dukiya a cikinsu, sai a 1989 James Aspnes na Jami'ar Carnegie Mellon ya fitar da TinyMUD, wanda ya ajiye faɗa a gefe ya ba masu shiga damar gina ɗakunan kansu. A 1990 Stephen White ya ƙara wa wannan tsari harshen shirya manhaja a ciki, aka sami nau'in da ake kira MOO, sannan Pavel Curtis na cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto ya inganta shi ya buɗe LambdaMOO, wanda ya kwaikwayi fasalin gidan da yake zaune a ciki. A kan wannan manhaja ta Curtis, wadda ake samu kyauta, aka gina yawancin duniyoyin koyarwa da suka biyo baya.

Yadda MOO ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan amfaninsa ga mai koyon harshe yake. Duk abin da ke cikin duniyar, ɗaki ne ko ƙofa ko akwati ko shi mai shigar kansa, na'ura tana ɗaukarsa a matsayin abu mai siffofi da ayyuka: siffofin su ne sunansa da bayaninsa da wurin da yake, ayyukan kuwa su ne abubuwan da za a iya yi da shi, kamar buɗewa da ɗauka da karantawa. Sabon abu yana gadon siffofi da ayyukan abin da aka tsago shi daga jikinsa, saboda haka ɗalibin da ke son ya ƙera rumbu ba ya buƙatar sanin ilmin kwamfuta, abin da zai yi kawai shi ne ya tsago daga abin da aka riga aka tanada mai ɗaukar kaya, ya sa masa suna, ya rubuta yadda yake. Na'urar kuma tana fasa kowane umarni gida huɗu, aikatau da karɓau da harafin da ke nuna dangantaka da kuma abu na biyu, ta yadda wanda ke son ya sa makulli a cikin akwati dole ne ya jera jimlar daidai, in ba haka ba makullin ya ci gaba da zama a hannunsa. Akwai kuma umarnin nuna aiki, inda mutum ke rubuta abin da yake yi kamar wani ne ke ba da labarinsa, misali yana murmushi ko yana miƙa hannu, kuma a Ingilishi wannan yana tilasta masa ya riƙa sa ƙarin da aikatau ke ɗauka idan mai aikin mutum ɗaya ne da ake ba da labarinsa, ƙarin da ɗaliban Najeriya da yawa ke kammala sakandare ba su riƙe shi ba.

Abin lura shi ne, a irin wannan wuri kuskuren harshe yana da sakamako da ake gani a take, kuma kyawun rubutu yana da lada da ba maki ba ne. Ɗakin da aka yi wa bayani mai armashi mutane sukan dawo su zauna a cikinsa, wanda aka yi wa bayani a dagule kuwa baƙo yakan tambayi mai shi abin da yake nufi, shi kuma ya koma ya gyara ba don tsoron jan biro ba.

Abin da malamai suka gani

A 1994 Julie Falsetti, malamar Ingilishi a Kwalejin Hunter ta birnin New York, ta buɗe schMOOze University tare da abokin aikinta Eric Schweitzer, domin masu koyon Ingilishi daga ko'ina a duniya. An tsara ta da fasalin harabar jami'a, da azuzuwa da ɗakin karatu da ƙamus da wasannin kalmomi, da kuma ɗakunan kwana da kowane ɗalibi ke shirya nasa da kalmominsa. A daidai wannan zamani Lonnie Turbee ta jagoranci MundoHispano a Jami'ar Syracuse, inda masu jin Sifaniyanci tun haihuwa suka riƙa rubuta bayanin garuruwansu, masu koyo kuma suna yawo a ciki suna cin karo da su. An yi na Faransanci, an yi na Jamusanci, kuma daga cikin na Jamusancin wanda aka fi ambata shi ne MOOssiggang na Kwalejin Vassar, inda Silke von der Emde da Jeffrey Schneider suka haɗa ɗalibansu da na Markus Kötter a Jami'ar Münster ta Jamus, suka wallafa abin da suka gano a 2001. Klaus Schwienhorst ya yi irin wannan aiki tsakanin ɗaliban Kwalejin Trinity ta Dublin da takwarorinsu na Jamus. Tsarin da waɗannan na ƙarshe suka bi shi ake kira tandem, wato koyon ba-ni-in-ba-ka, inda mutum biyu masu harshe daban ke raba lokaci biyu, kowa ya zama malamin ɗan'uwansa a harshensa na gado, kuma sharaɗinsa shi ne kowa ya amfana daidai da yadda ya amfanar.

Hujjojin da suka fi ƙarfi game da amfanin tattaunawa ta rubutu sun zo ne daga binciken da aka yi a kan manhajojin hira na cikin aji, waɗanda ba MOO ba ne amma dangi ne na kusa. Richard Kern ya kwatanta azuzuwan Faransanci a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a 1995, ya tarar ɗalibai sun sa baki fiye da ninki biyu idan ana tattaunawa ta rubutu, kuma malami ya daina mamaye zancen kamar yadda yake yi a aji, sai dai ya lura cewa kula da nahawu takan ragu, zaren maganar ma yakan tsinke. Mark Warschauer, a binciken da ya wallafa a 1996 kan masu koyon Ingilishi a Hawai, ya nuna cewa rabon magana ya fi daidaituwa a rubuce, domin ɗaliban da kan yi shiru a gaban jama'a sun sami bakin magana. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Merrill Swain, wadda tun 1985 ta yi nuni da cewa sauraro da karatu kaɗai ba sa kai mai koyo ga ƙwarewa sai an tura shi ya furta, domin a lokacin furtawa ne yake gane giɓin da ke tsakanin abin da yake son faɗa da abin da zai iya faɗa. Rubutu yana ba shi ɗan jinkirin da baki ba ya bayarwa, sannan na'ura tana ajiye dukkan hirar, malami ya buga ta a takarda washegari a bi ta layi-layi.

Ba gazawa ce ta kashe waɗannan duniyoyi ba. Shafukan intanet masu hoto sun zo, Second Life ta buɗe a 2003 da mutum-mutumi masu tafiya, kafafen sada zumunta suka kwashe matasa, kuma koyon umarnin MOO ya fara zama wa ɗalibai nauyi a lokacin da komai ya koma dannawa. Yawancinsu ma malami ɗaya ko biyu ne ke riƙe da su don sha'awa, idan ya canza wurin aiki ko ya gaji sai a wayi gari an kashe saba.

Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga babban birnin jihar, a kan tsohuwar hanyar da ke bi ta Buruku da Udawa ta wuce Tegina ta nufi kudu, kuma ƙasarta ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta Gandun Dajin Kamuku yake, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121, wanda hukumar gargajiya ta keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun tarayya a 1999, dajin da ya haɗe da na Kuyambana a ɓangaren Zamfara. Wannan haɗewa ita ce ta mayar da shi mafakar 'yan bindiga fiye da shekara goma, har hanyar Kaduna ta kai matsayin da direbobi ba sa binta sai da rakiyar jami'an tsaro. Makaranta ba ta tsira ba: a watan Maris na 2021 aka kai hari makarantar firamare ta ƙauyen Rama aka tafi da malamai uku, a ranar 7 ga Maris 2024 kuma aka kwashe ɗalibai a Kuriga, garin da ke ƙaramar hukumar Chikun a kan wannan hanya, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. A shekarar ce gwamnatin jihar ta ba da sanarwar shirin haɗe makarantu 359 na wuraren da ke da haɗari da waɗansu da ke wuraren da suka fi aminci. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta da 'yan bindiga a watan Nuwamba na 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, ya sassauta al'amura, amma bai mayar wa yaran da suka yi shekaru a gida karatun da ya wuce su ba.

Yaron da ya taso a Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa yana buƙatar Ingilishi ko yana so ko ba ya so, domin sai da kiredit a cikinsa ake shiga jami'a, kuma tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta. Amma Ingilishi a wurinsa harshen allo ne kawai, ba ya jin sa a kasuwa, ba ya jin sa a gona, malamin da zai yi masa shi ma ba kullum ake samu ba, musamman tun da jihar ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji ta 2017, waɗanda aka ɗauka a madadinsu kuma ba kowa ne ke yarda ya zauna a bakin daji ba. Abin da ya fi ƙaranci a nan shi ne damar amfani da harshen da wani mutum a kan wani abu da ya dame shi, kuma wannan ita ce ainihin hajar da duniyar rubutu ke da ita.

Ta fuskar tsada, lissafin a fili yake. Megabait ɗaya na data yana ɗaukar haruffa kusan miliyan guda, ke nan hoto ɗaya da aka ɗauka da wayar zamani yana iya cin abin da ya fi hirar aji guda ta tsawon zango. Duniyoyin shekarun 1990 sun yi aiki a kan layukan tarho da saurinsu bai kai na sabis ɗin 2G ba, wanda shi ne ake samu a ƙauyuka da yawa idan an hau tudu. Al'adar hira ta rubutu kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: manhajar 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ta sami miliyoyin masu amfani a Najeriya a farkon shekarun 2010 a kan ƙananan wayoyi masu madannai, da ɗakunan hira da sunayen aro, kuma a can ne matasa da yawa suka koyi saurin rubutu da babban yatsa. 'Yar'uwarta Mxit ta nuna cewa ana iya karatu a irin wannan kafa, domin a kanta ne aka gudanar da shirin Dr Math daga 2007, inda ɗaliban jami'a ke taimaka wa 'yan makaranta da lissafi ta rubutu, a kanta kuma aka saki labarin Kontax a 2009 cikin Ingilishi da harshen Xhosa, matasa suna karantawa suna sharhi. A yau marubuta littattafan Hausa, yawancinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp, masu karatu suna biya. Sai dai zauren WhatsApp jerin saƙonni ne da ke gangarawa su ɓace, ba shi da ɗakin da za a raba ɗalibai huɗu-huɗu, ba shi da abin da ɗalibi zai gina ya bari a zo a gani.

A kan wannan gini ne ya kamata a fi sa rai. Littattafan Ingilishi na makaranta sukan sa yaron ƙauye a matsayin wanda bai san komai ba, a kai shi filin jirgin sama ko babban kanti da bai taɓa gani ba, a ce ya yi magana a kansu. Duniyar rubutu tana juya wannan tsari, domin ɗalibin ne ke da abin faɗa, harshen kawai yake nema. Yaron Birnin Gwari ya san bambancin doka da maje da ƙirya da taura, ya san wadda ake sassaƙa turmi da ita da wadda ake cin 'ya'yanta, ya san lokacin da ɗorawa ke nuna da yadda ake mayar da kalwa daddawa, yarinya kuma ta san matakan fitar da man kaɗe tun daga tsintar ƙwara har zuwa tuƙi. Idan aka ce su gina kasuwa, wani ya ɗauki rumfar masu hatsi, wani ya ɗauki kara da dillalanta, wata ta ɗauki layin masu ƙuli-ƙuli, kowa zai buƙaci sunaye da sifofi da kalmomin ciniki, zai kuma neme su da kansa domin rumfarsa ce baƙi za su shiga. Wurin zai zama kamar dandali, inda babu wanda ke jiran a nuna shi kafin ya sa baki, kuma yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu a gaban maza tana iya zama wadda ɗakinta ya fi cika. Tsarin ba-ni-in-ba-ka ma yana da ƙofa, tun da ana koyar da Hausa a jami'o'in Warso da Bejin da Alƙahira da waɗansu na Jamus da Amurka, kuma ɗaliban can suna ƙishirwar wanda za su yi Hausa da shi, ko da yake yawansu bai kai a raba wa kowane aji ba.

Ba Ingilishi kaɗai ke da buƙata ba. Sunan garin da na dajin duka suna tuna cewa Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Kamuku tsofaffin mazauna wannan yanki ne, kuma harsunan Kamuku, waɗanda masana ke sa wa a rukunin Kainji, suna cikin ƙananan harsunan da Hausa ke janye wa yara a hankali. Gudun hijira zuwa cikin gari yana ƙara saurin wannan janyewa, domin ƙauye ne ke riƙe ƙaramin harshe. Ɗakin da jika zai rubuta da kalmomin da ya tambayo daga bakin kakarsa, da sunayen kayan gona da na abinci da na dangi, ajiya ce da kuma darasi a lokaci guda. Tsofaffin manhajojin MOO ba su san haruffa masu lanƙwasa irin na Hausa ba, har wasulan Jamusanci masu ɗigo sun ba su wahala, amma tsarin Unicode da wayoyin yau ke aiki da shi ya kawar da wannan matsala.

Inda gizo ke saƙa

Akwai haɗarin da malaman New York da Münster ba su taɓa tunaninsa ba. A can, mafi kyawun aikin da za a ba ɗalibi shi ne ya kwatanta unguwarsu daki-daki, da hanyoyinta da gidajenta. A yankin da kalmar infoma ke iya jawo wa mutum asarar rai, rubutaccen bayanin da ke nuna hanyar da ke fita daga ƙauye zuwa rafi, ko gidan da ke da shanu, ko ranar da fatake ke dawowa daga kasuwa, abu ne da bai kamata ya wanzu a na'ura ba, balle a same shi a wayar yaro a shingen bincike. Saboda haka garin da za a gina dole ya zama ƙagagge, da sunan da babu shi a taswira, itatuwansa da sana'o'insa na gaskiya amma hanyoyinsa da mutanensa na ƙirƙira. Wuraren da kowa ya riga ya sani daga takardun gandun daji, irin su Goron Dutse da Tsaunin Rema da magangarar Dogon Ruwa, ana iya ambatonsu a matsayin abin kallo ba tare da faɗin yadda ake isa gare su ba. Sunan aro, wanda a Turai ake ɗauka a matsayin abin rage jin nauyi, a nan kariya ce, amma da sharaɗin malami ya san wanda ke bayan kowane suna. Tarihin LambdaMOO ya isa gargaɗi: bayan masu riƙe da makullanta sun janye hannu daga sasanta rikicin jama'a a ƙarshen 1992, cin zarafin da wani ya yi wa waɗansu mata ta hanyar rubutu a 1993 ya tayar da ƙurar da ta kai ga kafa tsarin ƙorafi da ƙuri'a, daga bisani a 1996 masu makullan suka dawo da ikonsu. Iyayen da za su bar 'yarsu ta shiga irin wannan wuri suna da haƙƙin sanin wanda ke gadinsa.

Sannan rubutu kurma ne. Ba zai gyara wa Bahaushe rikicewar sautin p da f a Ingilishi ba, ba zai koya masa inda ake danna murya a kalma ba, haka kuma baƙon da ke koyon Hausa ta wannan hanya ba zai ji karin sauti da tsawon wasali ba, tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su. Wannan giɓi rediyo ne da saƙon murya za su cike shi. Mafi girma daga wannan, duniyar rubutu tana amfanar wanda ya riga ya iya haɗa baƙi ne, alhali yaran da rikici ya fi cutarwa su ne waɗanda ba su kai nan ba. Wurinta shi ne ƙaramar sakandare zuwa sama, da ajin manya, da kuma su kansu malaman firamare, waɗanda da yawansu ba su da inda za su motsa Ingilishinsu ba tare da jin kunyar ɗalibai ba.

Saura batun sabis, wanda a Birnin Gwari ba rauni kaɗai ke damunsa ba. Daga ƙarshen watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnati ta sa an katse layukan waya a sassan jihar da ke fama da 'yan bindiga, har da wannan yanki, a cikin jerin matakan da suka haɗa da hana hawa babur da dakatar da kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka, matakin da ya taɓa har masu cajin waya da janareto. Duk ajin da ya dogara da saba da ke Legas ko Turai da ya tsaya cik a wannan lokaci. Amma saboda ƙanƙantar abin da duniyar rubutu ke buƙata, ana iya ɗora ta gaba ɗaya a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a haɗa ta da faifan sola da batir da na'urar Wi-Fi, wayoyin da ke harabar makaranta su shiga ba tare da data ko layin kamfani ba. Abin da za a rasa a wannan tsari ba ƙarami ba ne, domin Wi-Fi ba ya wuce harabar makaranta, saboda haka babu hira kai tsaye da ɗalibin Warso, babu kuma yaron da zai shiga daga ƙauyensu; abin da zai rage shi ne ginin da tattaunawar 'yan aji ɗaya. Sai dai ajiyar duniyar duka fayil ne da ke shiga katin memori, ana iya kwafarsa a ba direban da zai shiga Kaduna ko Funtuwa, wata makaranta ta ɗora shi a nata saba, ɗalibanta su zagaya kasuwar da 'yan Birnin Gwari suka gina, su bar tambayoyi a rubuce a rumfunan da ba su gane bayaninsu ba, katin ya dawo da mota ta gaba a zauna a amsa.